Ciki Ya Tsufa, Ina Ne Gida?

Jawabin da aka gabatar a taron ma'aurata da dattawan ikilisiyoyin yankin Kankiya da Kusada

  

Kwamiti ya ba mu kan magana a kan zaman iyali. Zaman iyali kuwa kogi ne, ba a ƙetare shi a wuni ɗaya, saboda haka muka ɗebi abu guda wanda yake damun gidajenmu yanzu. A 'yan shekarun nan, idan aka ɗaura aure a majami'unmu, kafin a gama mai da kujerun aro ango ya soma ɗaure kaya. Amarya takan yi wata biyu ko uku, sa'an nan ta bi shi. Labarin da za mu ji na gaba shi ne ta sami juna biyu, gardama kuwa ta tashi tsakanin gida biyu: ina za ta haihu, ina za su zauna, ɗan da za a haifa ɗan ina ne? Wannan tambaya ce muke so mu zauna a kanta yau.

Za mu shiga ta wata ƙofa da ba ku zata ba, watau labarin wani fim. Dattawa ku yi haƙuri, fasto bai koma gidan kallo ba. Matasanmu masu karatu a makarantun gaba ne suka kawo mana shi a kwamfuta, suka ce labarinsu ne aka yi a ƙasar Turawa. Sunansa Away We Go, ma'ana ga mu nan mun kama hanya. Ya fito a Amurka a shekarar 2009. Wani Baturen Ingila mai suna Sam Mendes ne ya ba da umarni, mata da miji kuma, Dave Eggers da Vendela Vida, suka rubuta labarin. Ba irin finafinan harbe-harbe ba ne da ake zuba musu dukiya. Ƙaramin fim ne na hira, rabinsa ban dariya, rabinsa ban tausayi. Tun da wuri muna faɗa muku, akwai batsa a bakin wasu daga cikin 'yan wasan, ba na yara ba ne, kuma ba mu ce kowa ya je ya nema ba. Abin da ke cikinsa mai amfani za mu gaya muku yanzu.

Wani mutum ne, Burt, da wata mace, Verona, sun haura shekara 30, suna zaune a wani ɗan gida mai fasasshiyar taga wadda aka toshe da kwali. Ba su ɗaura aure ba, domin ita ta ƙi, iyayenta sun rasu tun tana budurwa, ba ta kuma son biki babu su. Wannan ba tafarkinmu ba ne, ba ma sai mun tsaya a kansa ba. Ciki ya kai wata shida. Dalilin zamansu a wannan wuri shi ne iyayen namijin suna kusa, sun sa rai za su taya su reno. Sai ranar nan a wurin cin abinci tsofaffin suka sanar, fuska cike da murna, cewa za su ƙaura zuwa birnin Antwaf na ƙasar Beljiyam na shekara biyu, kuma za su tashi wata ɗaya kafin haihuwa. Ku iyayenmu mata, ku auna wannan: kaka ta ɗaure kaya ta bar ƙasa wata ɗaya kafin jikanta na fari ya faɗo.

To, da suka ga babu abin da ya riƙe su, sai suka ce bari su zaga gidajen dangi da abokai, inda ya yi musu su zauna. A Finiks suka tarar da tsohuwar shugabar matar a wurin aiki, mai baki kamar reza, tana yi wa 'ya'yanta ba'a a gabansu. A Tusan suka ga ƙanwar matar. A filin jirgi ma'aikata suka dubi cikin suka ce ya wuce watan da ake faɗa, suka hana ta hawa, dole suka bi jirgin ƙasa. A Madisan suka sauka gidan wata malamar jami'a wadda ta mai da renon yara kamar wani addini, har keken tura jariri da suka kawo mata kyauta ta ɗauke shi abin ƙyama. Aka rabu baram-baram. A Mantiriyal ta ƙasar Kanada suka sami abokan karatunsu, gida cike da yaran riƙo, ga raha ga wasa, har suka ce sun sami wurin zama. Da dare ya yi sai maigidan ya buɗe cikinsa: matarsa ta yi ɓari sau biyar. Ba su gama haɗiye wannan ba aka kira su Mayami, matar ɗan'uwan mijin ta gudu ta bar shi da 'yar ƙaramar yarinya. A ƙarshe, bayan duk wannan yawo, inda suka sauke kaya shi ne tsohon gidan iyayen matar a bakin ruwa, gidan da ta shekara da shekaru tana gudun komawa saboda baƙin cikin rasuwarsu.

Mun yi dariya a wurare da dama, amma abu biyu suka tsaya mana a rai. Na farko, duk gidan da suka hango daga nesa suka yi sha'awarsa, da suka kwana a ciki sai suka ga inda yake yoyo. Na biyu ya fi nauyi. Gidan da suka koma kango ne. Da suka buɗe ƙofa babu wanda ya ce musu maraba, babu kaka, babu maƙwabciyar da za ta ɗora ruwan zafi. Masu fim sun rufe labari a nan kamar an yi nasara. Mu da muka san abin da ake kira jego, sai muka ce: to, ranar da naƙuda ta tashi da tsakar dare, wa za a buga wa ƙofa?

Su dai waɗannan mutane suna da abin da 'ya'yanmu ba su da shi. Aikinsu yana bin su duk inda suka je, shi ta wayar tarho yake sana'arsa, ita zane take yi wa littattafan likitoci. Suna da kuɗin jirgi. Babu wanda zai tambaye su a Finiks ko Madisan daga wace ƙaramar hukuma kakansu ya fito. Mu kuma muna da abin da ba su da shi, watau mutane. Abin baƙin cikin shi ne muna barin wannan dukiya tana zubewa, muna kallo.

A zamanin iyayenmu wannan tambaya ba ta tasowa, gama al'ada ta riga ta amsa ta. Saurayi yana cikin gandun ubansa, ana noma tare, ana ci daga rumbu ɗaya, an yanka masa gayauna ta kansa. Idan ya yi aure a yi masa ɗaki a cikin gida. Cikin fari idan ya kai wajen wata bakwai, mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a hannun uwarta da ungozoma, a yi suna ranar da ta zagayo, ta yi wanka har arba'in, wani lokaci ma ta ƙara watanni kafin ta koma da gara. A binne mabiyiya a bayan ɗaki. Shi ya sa har yau idan Bahaushe yana so ya nuna asalinsa sai ya ce a nan aka binne cibiyarsa. Kakanninmu da ake kira Maguzawa haka suka yi, maƙwabtanmu Musulmi haka suke yi, kuma da bishara ta iso ƙasar nan ta hannun 'yan mishan na SIM, ta Babbar Ruga da Matazu da Malumfashi, ba ta rushe wannan ba. Abin da ta cire shi ne tsafi da yanka wa iskoki. Goyon ciki da barka da zumunci ta bar su, ta ƙara musu addu'a.

Me ya canza? Gona ba ta haihuwa, mu kuwa muna haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha suna kallonta. Gandu ya watse a yawancin gidaje. Mun sa yara makaranta, abin da ya kamata mu yi ke nan, amma wanda ya gama kwaleji ba ya samun aikin da ya karanta a ƙauye. Cirani da ake zuwa bayan kaka a dawo da faɗuwar ruwan fari ya zama zaman dindindin. Sa'an nan ga rashin tsaro. Tun kafin a kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandare ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ƙauyukan yammacin jihar nan suke cikin wuta, daga baya kuma abin ya matso har ya taɓa yankinmu. Wannan masifa ba ta tambayar addinin kowa. A watan Agusta na 2025 masallata aka kashe da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Saurayin da ya ce yana tsoron ajiye mace mai ciki a gidan gona da ke bakin daji, kada wani dattijo ya kira shi matsoraci. Hankali ne ya yi magana.

Saboda haka 'ya'yanmu ma suna nasu zagaye, sai dai a motar haya suke yi, kuɗin motar kuwa ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Wani ya nufi Kano ya kama ɗaki ɗaya a Sabon Gari ko Badawa. Wani Kaduna, wajen Sabon Tasha. Wani Jos, domin ya ji an ce can garin Kirista ne. Da yawa suna Mararaba da Masaka, suna kwana a jihar Nasarawa suna gadi ko tuƙin babur ko aikin gini a Abuja. Kowane wuri da alherinsa: akwai albashi, akwai asibiti kusa, akwai babbar majami'a da ba mai hana ka kaɗa ganga. Kowane wuri kuma da inda yake yoyo. Waɗanda suka ga Kaduna a Fabrairun 2000, da Jos a Satumbar 2001, da Kano a Mayun 2004, da abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, sun san wani abu da ba a faɗa a kan bagade: ranar da gari ya rikice, Bahaushe Kirista shi ne mutumin da ba shi da layi. Wannan ɓangare ya ji sunansa Bulus ko Istifanus ya ce ba nasu ba ne. Wancan ɓangare ya ji harshensa, ya dubi fuskarsa da rigarsa, ya ce ba nasu ba ne. Har a cikin majami'a a birni, sau nawa aka tambayi 'ya'yanmu yaushe suka tuba, alhali kakansu ne ya yi baftisma? Ba don mu tsorata kowa muke faɗar wannan ba. Muna so ne wanda zai tashi ya tashi da idonsa a buɗe.

Littafi Mai Tsarki bai jahilci wannan hali ba. Ku tuna da Yusufu da Maryamu a Luka sura 2. Ciki ya tsufa, sai ga umarnin Kaisar Augustas cewa kowa ya je garinsu a rubuta shi. Daga Nazarat zuwa Baitalami tafiya ce da ta kai ko ta fi daga Kankiya zuwa Kano, ba mota ba babur. Sun isa garin kakanninsu, garin Dawuda, amma ba su sami masauki ba. A Matiyu sura 2 kuma muka ga sun gudu Masar da jariri saboda Hirudus. Da Hirudus ya mutu suka dawo, amma Yusufu ya ji ɗansa Arkilayus ne yake mulkin Yahudiya, ya ji tsoro, aka kuma gargaɗe shi cikin mafarki, sai ya ratse zuwa Galili. Ku lura, dattawa: Yusufu bai koma garin asalinsa ba, Nassi kuwa bai zarge shi ba. Ya dubi lafiyar yaro da uwarsa, ya nemi nufin Allah, ya yanke shawara. Amma ku ma matasa ku lura: ko da yake a Nazarat aka yi renon Yesu, an san zuriyarsa, an rubuta ta, Matiyu da Luka duka sun jera ta. Ya tashi a wani gari, asalinsa bai ɓata ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar takarda, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin a nan ne muke yin asarar da ba a gani sai bayan shekara 18. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Haka yake a rubuce. A aikace kuwa, ranar da yaro zai nemi gurbin jami'a, ko tallafin karatu na jiha, ko aikin soja, ɗan sanda, ko na gwamnatin tarayya, za a ce ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarsa. Wannan takarda ba ta bin inda aka haife ka, tana bin inda ubanka da kakanka suka fito. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan wannan matsala ta ɗan ƙasa da baƙo a shekarar 2006, ta duba jihohi irin su Kano da Kaduna da Filato, har yau kuwa ba a warware ta ba. Ma'ana, yaron da aka haifa a Masaka, ya yi firamare da sakandare a can, Nasarawa ba za ta ce nata ba ne. Dole ya juyo nan.

Ya juyo nan kuma ya tarar da me? Hanyar takardar takan bi ta hannun mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, sa'an nan ƙaramar hukuma. Tushenta shaida ce: wani ya ce na san shi, ɗan wane ne, jikan wane, ga gidansu ga gonarsu. Mun sani 'yan'uwa a wurare dabam-dabam na Arewa suna kuka cewa sunansu na Kirista kaɗai yakan sa a ce musu su ba 'yan jiha ba ne, kuma ƙungiyoyinmu irin su Tarayyar Masihiyawan Nijeriya sun daɗe suna ɗaga murya a kan haka. Wannan gaskiya ne, ba za mu daina faɗa ba. Mu ba baƙi ba ne a ƙasar Katsina; a watan Disamba na 2023 ma ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, aka keɓe ya zama bishop na farko na sabon dayosis ɗin Katolika na Katsina. Amma mu faɗa wa kanmu ɗaya gaskiyar. Saurayi ɗan shekara 18 ya sauka daga mota, Hausarsa ta karye, bai san sunan unguwarsu ba, bai san sunan kakan ubansa ba, kakan da zai kama hannunsa ya kai shi ƙofar mai unguwa ya rasu, gidan ya zama kufai, gonar an sayar. Wa zai shaide shi? A nan ba wani ne ya zalunce mu ba, sakacinmu ne. Inda ake kawo yaro gida tun yana goye, a kai shi gaisuwa wurin mai unguwa, a dawo da shi lokacin Kirsimati da hutun makaranta, maƙwabta Musulmi da Kirista su san fuskarsa, da wuya a rasa mai tsaya masa.

Don haka ku masu juna biyu da mazajenku, duk inda aka haihu, ku yi rajistar haihuwa a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wuri. Doka ta ce cikin kwana 60. Katin asibiti ba shi ne takardar haihuwa ba, katin miƙa yaro a majami'a ma ba shi ba ne. Ku rubuta sunan yaro iri ɗaya a ko'ina, kada ya zama Yohanna a nan, John a can, Yahaya a takardar firamare. Wannan ƙaramin abu ya hana yara da dama shiga makaranta. In kun tambaye mu, babu laifi yaro ya ɗauki suna na Hausa tare da na Littafi Mai Tsarki. Nagode, Godiya, Alheri, Bege, Murna, Haƙuri, duk namu ne, kuma suna faɗin ko shi wane ne kafin ya buɗe baki.

Yanzu mun juyo gare ku, iyayenmu dattawa, ku gafarce mu idan maganar ta yi zafi. Muna kuka yara sun gudu, majami'a ta koma ta tsofaffi da jikokin da aka aiko riƙo. To, me muka tanada da zai dawo da su? Akwai dattijon da yake riƙe da gona har ya kasa ɗaga fartanya, ɗansa mai shekara 35 da mata da ciki bai san ko taku goma nasa ba ne. Sai uban ya rasu a zauna rabon gado, a yi faɗa, a sayar wa baƙo a raba kuɗi, kuɗin ya ƙare kafin a share makoki. Wanda ba shi da inda zai kafa ɗaki ba za ka ce masa ya dawo gida ba, gama ba ka nuna masa gidan ba. Ka yanka masa fili tun kana da rai, a gaban shaidu, a rubuta. Ibrahim, a Farawa sura 23, da Hittiyawa suka yi masa tayin wurin binne Saratu kyauta, bai karɓa ba. Ya auna shekel 400 na azurfa ya biya Efron a gaban jama'a a ƙofar gari, aka tabbatar masa da filin da kogon da itatuwan da ke ciki. Mutumin bangaskiya ne, amma bai bar maganar ƙasa a kan fatar baki ba. A dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce take ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara. Gidaje nawa ne a cikinmu suke da ita? Filayen majami'unmu da maƙabartunmu fa?

Haka nan maganar kayan aure. Mun ɗora wa samari kaya har sai sun ci bashi, sa'an nan mu yi mamaki don sun tafi birni neman abin biya. Mun yi wannan magana a wani taron, ba za mu maimaita ba.

Sai goyon ciki, inda rigimar takan fi zafi. Uwar mace ta ce al'ada ce, 'yarta ta fari a ɗakinta za ta haihu. Miji ya ce ga asibiti a bayan gidansa a Kano, don me zai kai ta ƙauyen da babur ne kaɗai yake shiga da damina? Iyayenmu mata, muna girmama wannan al'ada, domin hikima ce: yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba tana bukatar hannun da ya saba. Amma manufar al'adar ita ce uwa da ɗa su rayu. Idan ma'aikatan lafiya sun ce cikin nan yana da haɗari, jininta yana hawa, ko ƙafafunta sun kumbura, ko yarinyar ƙarama ce, ko ɗan bai kwanta daidai ba, to wurin haihuwarta shi ne kusa da asibitin da ake iya yin tiyata da ƙarin jini. Idan ba za a kai 'ya wurin uwa ba, a kai uwa wurin 'ya. Ikilisiya ta taimaka da kuɗin mota. Idan kuwa gida za ta zo, a zo da katin awonta, a ci gaba da awo a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. Muna da babban asibiti a Kankiya, muna da makarantar koyon aikin lafiya a garin, wasu daga cikin 'ya'yanmu ma can suka yi karatu. A san tun da rana wanda zai ba da mota ko babur idan abu ya tashi da dare, a san masu iya ba da jini. Idan watan haihuwa ya kama, ƙauyen kuma yana da nisa ko hanyar ba ta da tsaro, iyalan da ke cikin gari su buɗe ɗaki. Kada a ce a cikinmu ma an rasa masauki.

A kan wankan jego kuma, kalma ɗaya. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilai, kamar hawan jini lokacin ciki da rashin abinci mai gina jiki. Ko ma dai mene ne, mai jegon da take haki, ko jikinta yana kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, asibiti za a kai ta a ranar, ba ƙarin kanwa ba.

Wa ke da maganar ƙarshe? Miji da matarsa. Tun a Farawa sura 2 aka kafa cewa mutum yakan bar iyayensa ya manne wa matarsa. Iyaye su ba da shawara, fasto ya ba da shawara, amma kada a mai da albarka sandar duka, a ce in ba ka dawo ba ban yafe ba. Ku kuma maza, manne wa mace ba shi ne ka yanke hukunci kai kaɗai ka sanar da ita a bakin mota ba. Abu ɗaya da muka yaba wa mutanen fim ɗin nan shi ne duk inda suka je tare suke shawara, mijin yana tambayarta abin da take tsoro, yana kuma saurara. Ita ce mai ɗauke da cikin. A tambaye ta.

Waɗanda kuma suka auna suka ga zaman birni ne ya fi musu, kada su zauna da ƙafa ɗaya a waje shekara 20, ba su nan ba su can. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Ku shiga ikilisiya sosai a can, a san ku, matarka ta shiga zumuntar mata tun kafin ciki ya tsufa, domin ranar haihuwa su ne uwa su ne ungozoma. Ku zauna lafiya da maƙwabta ko wane addini suke bi. Da yawa a cikinmu maƙwabci Musulmi ne ya ɓoye su ranar tashin hankali. Ku yi wa yara Hausa a cikin ɗaki, Turanci zai same su a makaranta. Mu kuma fastoci da masu bishara, duk wanda zai tashi mu ba shi wasiƙa zuwa ga ikilisiyar da zai tarar, mu kira faston can a waya mu ce ga 'yarmu nan tafe, wata kaza ne cikinta.

Abin da muke roƙon kowace ikilisiya ta yi kafin taronmu na gaba ke nan. Magatakarda ya sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, a buɗe shafi ga kowane gida: sunan kaka, sunan uba, unguwa, mai unguwar da suke ƙarƙashinsa, da sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa da garin da aka haife shi, har da waɗanda aka haifa a Kano da Jos da Masaka. Shugabar zumuntar mata ta kawo sunayen masu juna biyu na gida da na waje, da watan da kowacce take sa rai. Dattawa biyu daga kowace ikilisiya su ɗauki nauyin raka duk yaron da ya zo neman takardar asali, daga ƙofar mai unguwa har sakatariya. Waɗanda suke da ɗakin da za su iya ba mai jiran haihuwa a cikin garin Kankiya ko Kusada, su ba magatakardan taro sunansu kafin a raba abinci.

Bari mu tashi tsaye. Masu juna biyu da mazajensu su fito gaba, iyayenmu mata su kewaye su, mu yi musu addu'a Ubangiji ya sauke su lafiya.